Gafakar Mawaƙi Tana Cikin Gado

Wannan magana ce zuwa ga malamai da attajirai na Tudun Wada ta Gusau, da na Tsafe da Bunguɗu, a kan takardun da mawaƙi ke bari idan ya koma ga Ubangijinsa.

Kowa ya san yadda abin ke gudana. Malami ya yi shekara da shekaru yana tsara waƙoƙin wa'azi da na madahu da na furu'a cikin ajami, yana adanawa a gafaka. Ran da ya cika, a yi sadakar uku, a raba gida da gona da tufafi, gafaka kuwa ba mai waiwayarta. Almajiri ya ari warƙa goma bai mayar ba, gara ta ci wasu, damina ta jiƙa saura. Sa'an nan wata rana a ga waƙar a bakin masallacin Juma'a an ɗauki hotonta ana sayarwa, ko a ji wani yana rera ta cikin waya, alhali matar mamaci tana dakau don ta ciyar da marayu. Ga kuma wata masifa ta zamanin nan: tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, mai gudun tsira da rai ba ya tsayawa ɗaukar takarda.

Amfanin bugu ba abin musu ba ne. Malam Sa'adu Zungur da Malam Mu'azu Haɗeja duk sun rasu cikin 1958, ga shi har yau ana karanta su a makarantu, domin an buga waƙoƙinsu a Zariya, aka yi ta sake bugawa bayan ransu. Cikin 1974 Ɗandatti Abdulƙadir ya fitar da littafi a kan rayuwar Sa'adu da waƙoƙinsa. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rasu cikin 1864, sai 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukanta cikin kundi guda aka buga a Amurka, watau bayan shekara 133. Abin da ya sa aka sami abin tattarawa kuwa shi ne gidan Waziri a Sakkwato ya riƙe takardun da amana, har zuwa hannun Waziri Junaidu. To, malamin ƙauye ba shi da gidan Waziri a bayansa.

Akwai malaman da ke cewa ilmi ba haja ba ne, wanda ya yi waƙar wa'azi don Allah ya yi ta, ladarsa tana can, saboda haka kowa ya kwafa ya yaɗa. Maganar tana da ƙarfi, kuma lalle mai kwafa da hannunsa don ya karanta ba wanda zai hana shi. Amma mai bugawa ya sayar ya sami riba, dukiya ya samu, kuma daga wahalar wani ya same ta. Tun dā ana biyan marubuci ladan rubutun Alƙur'ani, malaman Malikiyya kuma sun halatta karɓar lada a kan karantarwa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi haƙƙi ne da shari'a ke tsarewa, ba ya halatta a ƙetare shi. Dokar Nijeriya ta 2022 ita ma ta bar wannan haƙƙi ga magada har shekara 70 bayan rasuwa. Ashe ke nan magadan Alhaji Aliyu Namangi mai Imfiraji, wanda ya rasu cikin 1990, suna da magana har 2060, na Alhaji Aƙilu Aliyu kuwa, wanda ya rasu cikin 1999, har 2069.

Tun da haka ne, kuɗin littafin mamaci ba kyauta ba ne da mai bugu zai kai gida cikin tausayi ran Salla. Tarika ne. A fara biyan bashi, a zartar da wasiyya, sa'an nan mata ta sami tumuninta idan akwai 'ya'ya, sauran a raba bisa fara'ili. Babban ɗa ba shi da ikon sa hannu shi kaɗai ya cinye rabon ƙannensa mata, rabon maraya kuma yana hannun waliyyinsa.

Aikin malamai shi ne muƙabala. A tara kwafin da ke hannun almajirai, a gwada da na hannun mai shi, kada wani ya gyara baiti don bai gane shi ba, ko don ya saɓa wa ɗariƙarsa. Abin kunya ne a mayar da Zamfarancin mutum Kananci bayan ba shi da bakin hanawa. A buga ajami a shafi ɗaya, boko a ɗaya, domin tsoho da ɗan makaranta su saya tare. In akwai waƙar zambo da ya yi cikin fushi, a bar wa iyalinsa su zaɓa.

Attajiran Gusau kuwa, su da suka saba gina masallaci da haƙa rijiya, kuɗin bugun farko ba zai gagare su ba. Wanda ya so ya bayar wakafi, ribar duka ta koma gidan mamaci. Wanda ya so ciniki ya yi ƙirali, a rubuta adadin da za a buga da rabon magada a gaban shaidu biyu, a ajiye takarda ɗaya wurin alƙali ko Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha. Kwafin asali kuma a ɗauki hotonsa a kai Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Gidan Arewa a Kaduna, asalin ya zauna hannun masu shi.

Ran rabon gado, kafin a auna gona, liman ya sa a fito da gafaka, a ƙidaya warƙoƙinta, a rubuta sunan kowace waƙa da sunan wanda aka damƙa wa.