Jirgin Fiton Masu Hali da Kwale-kwalen 'Ya'yanmu

'Yan'uwa malamai, iyayenmu da iyalanmu, a tsakiyar Tekun Indiya akwai wata ƙasa ta Musulmi da ake kira Maldibs, wadda duk faɗinta tsibirai ne ƙanana, kusan 1,200, mutanenta kuwa rabin miliyan ne da 'yan kai. Babban filin jirgin samanta, Velana, yana kusa da Male, babban birnin ƙasar, galibin manyan otal-otal ɗinta kuma kowanne ya mallaki tsibiri guda shi kaɗai. Saboda haka idan baƙo ya sauka, ba shi da hanyar isa masaukinsa sai ta jirgin ruwa, ko ta ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa. Tun daga ƙofar fita ma'aikacin otal yake tarbarsa, ya karɓi kayansa, ya raka shi bakin ruwa inda jirgi mai gudu yake jira. A ciki akwai rumfa da kujeru masu taushi, da tawul mai sanyi na goge fuska, da abin sha. Kuɗin wannan fito a wasu otal-otal yakan kai dala 200 ga mutum ɗaya, wanda kuma ya ce shi kaɗai yake son jirgin sai ya biya fiye da haka nesa ba kusa ba. Idan aka canza dala a kan naira 1,500, dala 200 ta zama naira 300,000, wato fiye da albashin wata huɗu na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024.

Mai karatu zai ce, me ya haɗa malamin firamare na ƙasar Turba da wannan labari? Abin da ya haɗa mu shi ne wasu daga cikin masu halin ƙasar nan, da 'ya'yansu, suna cikin masu biyan waɗannan kuɗaɗe, kuma hotunansu suna iso mu a Facebook da Instagram. Wanda ya nemi dukiyarsa ta halal, ya ci ta yadda ya ga dama, ba ni da ta cewa a kansa. Maganata tana kan abin da yake saye da dalolin nan. Tawul da lemo ƙawa ce kawai. Ainihin abin da ya biya shi ne jirgin da aka duba lafiyarsa, da matuƙin da ke da takardar shaidar ƙwarewa, da kujerun da aka ƙidaya ba a ƙara ko mutum ɗaya a kansu, da rigar ruwa ga kowane fasinja, da na'urar kiran agaji, da lokacin tashi sananne. A taƙaice ya sayi tabbacin cewa an yi duk abin da ɗan Adam zai iya domin ya isa da ransa. Wannan tabbaci shi ne aka mayar kayan alatu a ƙasarmu, kuma a kan haka nake jayayya.

Mu ma mutanen fito ne. Da zarar damina ta kankama, Bunsuru da Gagare suka kawo, Gulbin Maraɗi ya taho da nasa ya zuba a Rima, ƙauyuka da dama na Isa da Sabon Birni sai su koma tamkar tsibirai. Manomi ba ya isa gonarsa ta fadama, mai naƙuda ba ta isa asibiti, ɗalibi da malaminsa ba sa isa makaranta, sai ta kwale-kwalen katako wanda wani lokaci yaro ne ke zaune a gindinsa yana kwarfe ruwa da ƙwarya tun daga wannan gaɓa har waccan. A ciki za ka tarar da buhunan hatsi, da babur, da awaki, da mata masu goyo, bakin jirgin kuwa bai fi taƙi ɗaya ba tsakaninsa da ruwa. Duk malamin da ya taɓa kiran suna a aji cikin watan Agusta ya san waɗanne layuka ne na rajista suke zama babu amsa, ya kuma san ta wace mashaya masu su suke zuwa.

Abin da wannan hali yake haifarwa rubuce yake, ba ƙage ba ne. Ranar 30 ga Nuwamban 2021, a madatsar ruwa ta Watari da ke Ɓagwai ta Jihar Kano, jirgi ya kife da mutanen da suka taso daga ƙauyen Badau za su Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu ɗaliban makarantar Islamiyya. A watan Afrilun 2022, a Gidan Magana ta ƙaramar hukumar Shagari a jiharmu ta Sakkwato, ruwa ya ci mutum 29. A watan Mayun 2023, a Dandeji, a Shagarin dai, yara 15 da suka tafi neman itacen girki ba su dawo ba. Ranar 17 ga Agustan 2025 jirgin da ya ɗauko mutum fiye da 50 zuwa kasuwar Goronyo ya kife, hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ba da sanarwar cewa ana neman fiye da 40. Ba a gama makokin wannan ba, a cikin watan dai, sai ga na Garin Faji a Sabon Birni, inda ruwa ya ci mutanen da suka shiga jirgi suna gudun 'yan bindiga. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Ku sake duba jerin nan, ku lura da yawan yara a cikinsa. Sa'o'in waɗanda muke koya wa baƙi da wasali ne.

Duk lokacin da aka tayar da wannan magana, amsa uku ake ba mu, kuma kowacce tana bukatar a warware ta.

Ta farko, a ce ƙaddara ce. Babu Musulmin da ke musun ƙaddara, kuma kowa zai tafi ranar da kwanansa ya ƙare. Amma malamanmu na zaure sun karantar da mu cewa dogaro ga Allah yana tafiya ne tare da riƙon sababi. Abin mamaki, mai faɗa wa talaka cewa nutsewar ɗansa ƙaddara ce, shi da kansa ba ya hawa jirgin sama sai ya ɗaura ɗamara, ba ya bin hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni sai da motar rakiya, idan kuma ya je Maldibs rigar ruwa tana kusa da shi. Shi yana riƙon sababi, mu yana yi mana wa'azin haƙuri. Wannan ɓoye sakaci ne a bayan kalma mai tsarki, kuma bai kamata mai ilimi ya bari a yi haka a gabansa ya yi shiru ba.

Ta biyu, a ce laifin masu fito ne da fasinjojinsu, sun cika lodi, sun yi tafiyar dare, sun ƙi sa rigar ruwa. A nan akwai gaskiya, ba kuwa zan wanke matuƙin da ya zuba mutum 50 a jirgin mutum 20 saboda kwaɗayin kuɗin fito ba. Sai dai a tambaya: jirage nawa ne a mashayar ranar kasuwa? Idan ɗaya ne, rana kuma ta yi yamma, kowa kuma ya san abin da ke faruwa da wanda dare ya riska a gaɓa, wa zai yarda a bar shi? Mutanen wannan yanki ba su manta da motar da aka ƙone da fasinjojinta a kusa da Gidan Bawa a watan Disambar 2021 ba. Ba su manta da Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, da aka sace a hanya a 2024 ya rasu a hannun 'yan bindiga ba. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Wanda tudu ya kora zuwa gulbi ba ya tsayawa ƙidayar kujeru. Rigar ruwan da ake cewa ya ƙi sawa kuwa, sai an fara ajiye ta a mashaya kafin a zarge shi da ƙin ta.

Ta uku, a ce babu kuɗi. Wannan ita ce ta fi ciwo. A watan Nuwamban 2023, cikin ƙwarya-ƙwaryar kasafin kuɗi na naira tiriliyan 2.17 da aka kai Majalisar Tarayya, an ga naira biliyan 5 da 'yan kai da aka ware wa wani jirgin ruwa da aka rubuta da sunan na shugaban ƙasa. A cikin takarda guda kuma, abin da aka ware wa bashin karatu na ɗaliban ƙasar nan gaba ɗaya naira biliyan 5.5 ne. Da jama'a suka yi ca, fadar shugaban ƙasa ta ce jirgin na aikin sojan ruwa ne, kuma tun zamanin gwamnatin da ta gabata aka yi odarsa, Majalisar Wakilai kuwa ta cire kuɗin ta ƙara su a kan bashin karatun. To, mu ɗauki bayanin fadar yadda ta faɗa. Har yanzu lissafin yana nan, irin wanda ɗan aji shida zai iya yi a kan allo: ko da an ƙaddara rigar ruwa ɗaya ta kai naira 25,000, biliyan 5 za ta sayi 200,000. Jirgi guda a hannun dama, rigunan mutum 200,000 a hannun hagu, kuma wani ya zauna a ofis ya zaɓi na dama. Ashe kuɗi yana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne darajar ran talaka a idon mai rubuta kasafi.

Hukumomi ma ba rasa su aka yi ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, tana nan tun 1997 da hedkwatarta a Lakwaja. A watan Agustan 2023 an kafa ma'aikata sukutum ta harkokin teku da arzikin ruwa. Bayan kowane hatsari akan zo jaje, a ɗauki hoto, a yi alkawari, wani lokaci a raba riguna. Mun gode da abin da aka raba. Amma rigakafi ya fi magani, kuma rabon da ake yi bayan an binne mutane ba ya zama tsari. Tsari shi ne wanda ke da layi a kasafin kowace shekara, da mutumin da za a kira da suna a tambaye shi idan abu ya lalace. Maldibs ɗin nan da muka fara da ita ta gane haka: a 2022 gwamnatinta ta fara gudanar da jiragen fito masu gudu tsakanin tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, a kan kuɗin da talaka zai iya biya. Ƙasar da ba ta kai ƙananan hukumomi uku na Sakkwato yawan jama'a ba ta ga bai dace baƙo ya ƙetare lafiya ɗan gida ya ƙetare da fargaba ba.

Yanzu sai mu waiwayo gida, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ƙungiyarmu ta NUT, wadda aka kafa tun 1931, ba ta taɓa samun wani haƙƙi ta hanyar zaman jira ba. Ina kira ga shugabannin reshenmu da su sa wannan batu cikin ajandar taro na gaba, a yi abubuwa huɗu.

Na ɗaya, kowane shugaban makaranta ya rubuto yawan ɗalibai da malaman da ke ƙetare ruwa kafin su iso, da sunan mashayar da suke bi, da watannin da take cika. Rajista tana hannunmu, babu wanda ya fi mu sanin wannan adadi, kuma takarda mai lamba ta fi kuka amo a ofis.

Na biyu, a kai wannan jeri ga majalisun ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni da hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, a nemi kowace mashayar da 'yan makaranta ke bi ta samu jirgi lafiyayye mai alamar iyakar lodi a jikinsa, da riguna har da ƙanana daidai jikin yara, a damƙa su a hannun Sarkin Ruwa da mai gari bisa rubutacciyar yarjejeniya. A tsayar da lokacin fiton safe da na tashi daga makaranta, kyauta ga mai kayan makaranta a jikinsa, a riƙa biyan matuƙin daga asusun ƙaramar hukuma. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kason ƙananan hukumomi ya riƙa shiga hannunsu kai tsaye. Muna da hurumin tambayar ina kason yake, me kuma aka yi da shi a bakin gulbi.

Na uku, a tuna wa hukuma alkawarin ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoban 2020, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da alawus na musamman ga malaman karkara. Malamin da ke biyan kuɗin fito daga albashinsa safe da yamma, yana kuma jefa ransa cikin hatsari, shi ne farkon wanda ya cancanci wannan alawus.

Na huɗu namu ne, ba ya jiran sa hannun kowa. Mu gayyato Sarkawa, waɗanda suka gaji sanin ruwa kaka da kakanni, su zo filin taron safe su koya wa yara yadda ake zama a jirgi, da abin da ake yi idan ya fara tangaɗi. Mu gaya wa ɗalibanmu a fili cewa makara ta fi shiga jirgin da ya cika, kuma mu ajiye bulala ga duk yaron da ya makara saboda ya jira sawu na biyu. Iyaye kuma, ku zo taron iyaye da malamai ku faɗi wace mashaya ce ke hana ku barci.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu ne lokacin rubuta jerin nan da kai shi inda ya dace, tun gulbi yana ƙasa, tun ana ƙetare shi da ƙafa.