Haddar SQL ba iyawa ba ce

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan sashen kwamfuta, yau da ku nake. Wanda ya ji haushi ya yi haƙuri.

Yawancinmu manhajar sakamakon jarrabawa ko ta rajista muke ginawa a furojet. Amma ka ce wa mutum ya fito da ɗaliban da matsakaicin makinsu ya haura 70, sai ya rubuta WHERE AVG(maki) > 70. MySQL ta watso masa kuskure mai lamba 1111, ya ce wai XAMPP ɗinsa ne ya lalace. Haba malam!

Kwamfuta ba ta bin umarnin yadda ka jera shi. Da FROM take farawa, sai WHERE, GROUP BY, HAVING, sannan SELECT, ORDER BY a ƙarshe. WHERE layi ɗaya-ɗaya yake dubawa tun kafin a haɗa su rukuni-rukuni, to ina zai ga matsakaicin da ba a lissafa ba tukuna? Wannan aikin HAVING ne. Haka laƙabin da ka raɗa da AS: a SELECT ake raɗa shi, lokacin WHERE ya riga ya wuce. Ana kiran jariri da sunansa kafin ranar suna?

Na san wani zai ce ai shi ya sa laƙabi a HAVING kuma ya yi. MySQL ce ta yi maka kara. PostgreSQL da SQL Server ba sa karɓa, dole ka maimaita lissafin.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai gyaran gangar Auzinawa, ya mayar da shi WHERE maki > 70 don kuskuren ya ɓace. Ya ɓace kam, amma ka zubar da duk ƙananan makin kafin lissafi, mai tulin F ya dawo gwani.

Kuma wallahi abin ya wuce jarrabawa. Ku tuna ambaliyar madatsar Alau a Satumbar 2024, da jerin sunayen masu jiran tallafi. Gano wanda aka rubuta sau biyu GROUP BY ne da HAVING COUNT(*) > 1. Gobe kai za a ɗora kan irin wannan jerin. In ba ka iya ba, wani ya kwashi kaso biyu, wata uwa a Gwange ta koma gida hannu Rabbana.

Ku bar haddar handawut da kwafo daga ChatGPT. Buɗe kwamfuta, ƙirƙiri tebur mai layi goma, lissafa amsar da biro, sannan ka gwada da abin da ta ba ka. Wanda bai yarda ba, mu haɗu a sharhi.