Kafin a ce babban batir ya mutu, a fara duba ƙaramin

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lissafin masu mota ya canza. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Shi ya sa Prius da Camry da Highlander masu haɗa fetur da lantarki, waɗanda a da ake gudunsu, suka fara samun kasuwa a Kano da Kaduna da Abuja. Ni ma Prius ƙirar 2008 nake hawa, kuma aljihuna ya shaida bambancin. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne asarar da mutane ke tafkawa a kan ƙaramin batir guda, saboda ana yi wa sabuwar mota maganin tsohuwa.

Irin wannan mota, wato haibrid, batir biyu gare ta. Babban, wanda a irin tawa yake da bolt 201.6, shi ke juya tayoyi, shi ke tayar da inji. Ƙaramin mai bolt 12 ba ya murza inji ko kaɗan. Aikinsa ya farkar da kwamfutocin motar, sannan ya rufe makunnan da ke haɗa babban batir da sauran jiki. Kamar maigadi ne mai riƙe da makulli: komai dukiyar da ke cikin gida, in bai tashi ba babu mai shiga. Da zarar ya yi rauni, sai ka taka birki ka danna maɓalli, fitilun gaban direba su yi ta walƙiya, kalmar READY ta ƙi fitowa. Wani lokaci ko ƙofa ba za ta buɗe ba sai da ɗan makullin ƙarfen da ke ɓoye cikin rimot.

A nan ne tsoro ke shiga. Mai mota ya ji labarin tsadar babban batir, bakaniken da bai saba da motar ba kuma ya girgiza kai ya ce ai shi ne. Alhali mitar auna wuta ta 'yan kuɗi kaɗan za ta raba gardama cikin minti ɗaya. Lafiyayyen batir da ya kwana a ajiye yana nuna wajen bolt 12.6. In ya sauka ƙasa da 12, ya galabaita. In ya kai 10.5, ya zube ƙasa warwas.

Dabarun da muka gada daga zamanin Fijo 504 su ne babban haɗari. Haibrid ba ta tashi da turi, don ba ta da kuloci. Al'adar nan ta tayar da mota da batirin aro sannan a cire shi a mayar da mataccen mota na kunne, tana iya ƙona na'ura mai tsada, domin motar ba ta da altaneto. Wata na'ura ce ke rage wutar babban batir zuwa wajen bolt 14 ta ciyar da ƙaramin. Gwada batir da tartsatsin waya ganganci ne. Mai caji na bakin titi kuma da ya saba ɓalle murfi ya tsiyaya ruwan batir ya tura wuta mai ƙarfi, zai ƙarasa kashe irin wanda Prius ke zuwa da shi, domin rufaffe ne, ruwansa a jiƙe yake cikin zaren gilashi. Mafi muni shi ne juya waya, ja a wurin baƙa. Kuskuren daƙiƙa ɗaya ne, amma yakan ƙona babban fiyus, wani sa'in har da inbata, wato na'urar da ke sarrafa wutar babban batir.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya. A Prius ta 2004 zuwa 2015 ƙaramin batirin yana baya, cikin but ta hannun dama, kuma but ɗin ba ya buɗuwa daga waje in babu wuta. Saboda haka Toyota ta tanadi wurin jona waya a gaba: ɗaga bonet, buɗe akwatin fiyus, za ka ga jan murfi. Jar waya a nan, baƙa kuma a jikin ƙarfen mota marar fenti. Ba a buƙatar wuta mai yawa tunda ba inji za a murza ba. Da READY ta fito, a cire wayoyin, a bar motar a haka kamar awa guda, a fili ba cikin rufaffen gareji ba, don injin zai riƙa tashi da kansa kuma hayaƙinsa kisa yake. Littafin motar ya hana amfani da wannan wurin wajen tayar da wata mota, don haka in maƙwabci ya roƙa, a ba shi haƙuri. Wayoyi masu launin lemo kuwa na babban batir ne, ba na taɓawa ba ne.

Sai dai tayar da mota daban, farfaɗo da batir daban. Wanda ya zube sosai yana son caji a hankali, amfiya 3 ko 4, dare guda cur. Bayan haka a bar shi ya huta, a sake aunawa washegari. In ya riƙe wuta, madalla. In ya sake sauka, a haƙura da shi. Batirin da ya daɗe babu caji, wani gishiri yakan daskare a farantan dalmarsa, kuma in ya taurare babu wayon da zai narkar da shi. Zafinmu na watan Afrilu, da ke wuce digiri 40, yana ƙara gajarta masa kwana. Motocin da ake shigo da su kuma sun riga sun yi watanni a jirgin ruwa da filin dillali. Ina jin masu cewa kuɗi sun yi wuya, a yi ta lallaɓawa. Na fahimce su. Amma batirin da ake jona wa waya kowace safiya, kowace safiya ake sake buɗe ƙofar juya wayar. Sabon ƙarami ya fi sabuwar inbata araha nesa ba kusa ba. In za a saya, a nemi daidai girmansa, a kuma mayar masa da ɗan tiyon da ke fitar da iskarsa waje, tunda a cikin mota yake zaune tare da iyali.

Rigakafin ma mai sauƙi ne. Mai jiran yara a ƙofar makaranta yana jin rediyo ya bar motar a READY, don a nan kaɗai ƙaramin ke samun caji. Mai tafiya aikin Hajji ko doguwar tafiya ya sa a riƙa kunna ta awa guda duk mako, ko ya cire kan batirin na baƙar waya.

Kirana na ƙarshe ga hukumar kula da harkar motoci ta NADDC da ƙungiyar makanikai ta NATA ne. Masu wayarin ɗinmu na Ƙofar Ruwa da Panteka da Apo suna da basira, horo kawai suke buƙata, kuma a yi shi da Hausa. Darasin yini guda a kan wannan batir zai tsare wa jama'a miliyoyi. Kafin nan, duk mai haibrid ya ajiye mita a motarsa, kuma kada ya yarda a yi masa cinikin babban batir sai ya ga lambar ƙaramin da idonsa.