Miyagun Ƙwayoyi Da Kujerar Mulki: Gargaɗi Ga Ikara, Makarfi Da Kudan

Duk lokacin da aka ta da maganar miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan, hankalin jama'a kan tafi ne wajen saurayin da ake gani a bakin tasha idanu jajur, ko kuwa ɗalibin da aka kora daga makaranta. Shi ake yi wa wa'azi ran Juma'a, shi 'yan sanda ke kamawa, a kansa kuma iyaye ke kuka. To, amma tarihin ƙasashen da wannan masifa ta durƙusar ya nuna cewa mashayi shi ne mafi ƙarancin haɗari a cikin sha'anin. Ƙasa takan shiga uku ne ran da kuɗin ƙwaya ya sami ƙofar shiga siyasa, domin daga ranar mai fatauci ya sami mai tsaya masa a ofis, dokar da za a kama shi da ita kuwa ta koma hannun wanda ya ci kuɗinsa.

Ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan ba su da tashar jirgin ruwa, ba su kuma yi iyaka da wata ƙasa ba. An san su ne da rake da tumatir da barkono da masara. Amma babbar hanyar Zariya zuwa Kano ta ratsa yankin ta Tashar Yari, kuma duk abin da ya taso daga Ikko zuwa Kano ta mota, mai kyau da mummuna, galibi ta nan yake bi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a watan Janairu, 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 ne masu shekara 15 zuwa 64 suka yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, kuma wajen miliyan 3 daga cikinsu suna Arewa maso Yamma. Jihar Kano kaɗai ta haura miliyan 1. Kasuwa mai girma irin wannan tilas tana da manyan dillalai, manyan dillalai kuwa ba sa zama lafiya sai da uban gida a cikin hukuma.

INDA KAYAN KE FITOWA

Abin da ya fi addabar matasan karkara a Arewa, ban da tabar wiwi, magungunan asibiti ne da aka karkatar. Ran 1 ga watan Mayu, 2018, Gwamnatin Tarayya ta haramta yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, kwana guda bayan da BBC ta nuna wani bincike game da yadda ake sayar da shi ta bayan fage. Ita kuwa ƙwayar tiramadol, doka ta yarda da mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne kawai don maganin ciwo, amma wadda ake kamawa a tashoshin jiragen ruwa takan kai 225 ko 250, kuma akasarinta a ƙasar Indiya ake yin ta. Leburan gona da ɗan acaba da mai dako sukan fara shanta ne don su jure wahalar aiki, kafin ta zame musu ubangida.

Tun daga nan maganar ta zama ta hulɗa da ƙasashen waje. Tiramadol ba ta cikin jerin magungunan da yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa wa takunkumi, saboda haka kowace ƙasa da irin dokarta. Da Indiya ta tsananta dokarta a kan tiramadol a 2018, sai 'yan kasuwa suka koma wa wata 'yar'uwarta mai suna tapentadol, suna haɗa ta da wani maganin sassauta jijiya. Sai a watan Fabrairu, 2025, bayan wani sabon binciken BBC a kan wani kamfani na birnin Mumbai, Indiya ta hana yin wannan haɗi da fitar da shi. Watau dai abin da yaro ke haɗiya a gonar rake a Makarfi, hukuncin da aka yanke ko aka ƙi yankewa a birnin Delhi yana da hannu a ciki.

YADDA ƘWAYA KE SHIGA SIYASA

A halin yanzu alaƙar ƙwaya da siyasa a Arewa ta fi bayyana ne a wajen bangar siyasa. Kowa ya san 'yan daba a Kano, da 'yan kalare a Gombe, da 'yan sara-suka a Kaduna da Bauci da Jos. Ɗan takara ya tara samari, ya ba shugabansu kuɗin mota da na abinci, shi kuwa ya saya musu abin da zai cire musu tsoro da kunya. In zaɓe ya wuce sai a watsar da su, ga makami a hannu, ga jarabar ƙwaya a jiki, babu sana'a. Dillalin da ya sayar musu kuwa ya riga ya san sirrin mai gidansu, saboda haka in an kama shi ya san lambar wayar da zai buga.

Wannan shi ne mataki na farko, inda ɗan siyasa ke sayen ƙwaya. Mataki na biyu shi ne inda mai ƙwaya ke sayen ɗan siyasa, ya biya masa kuɗin takardar takara da na wakilan zaɓen fid da gwani. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mataki na uku kuwa shi ne ran da mai ƙwayar ya ga babu amfanin aike, ya fito takara da kansa. Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya sai ya dubi ƙasar Kolombiya, can a Kudancin Amurka.

ABIN DA YA SAMI KOLOMBIYA

A 1982 aka zaɓi Pablo Escobar, madugun masu fataucin hodar ibilis na birnin Medellin, a matsayin mai riƙon kujera a Majalisar Wakilan ƙasar, bayan ya saye zukatan talakawa da gina gidaje da filayen ƙwallo. Ministan Shari'a Rodrigo Lara Bonilla ya tona masa asiri, aka harbe shi ran 30 ga watan Afrilu, 1984. Ran 18 ga watan Agusta, 1989, aka kashe Luis Carlos Galan, wanda ake ganin shi zai ci zaɓen shugaban ƙasa, yana kan dandalin taron siyasa. A watan Nuwamba na wannan shekara aka dasa bam a jirgin saman fasinja na kamfanin Avianca, mutum 107 da ke ciki suka halaka. Kafin a yi zaɓen 1990 an kashe 'yan takarar shugaban ƙasa har uku.

An kashe Escobar ran 2 ga watan Disamba, 1993, amma cinikin bai mutu tare da shi ba. 'Yan birnin Cali, waɗanda suka fi son cin hanci a kan bam, suka zuba kuɗi a yaƙin neman zaɓen Ernesto Samper na 1994. Majalisa ta wanke shi, amma Amurka ta soke masa biza a 1996 yana kan mulki. Daga shekara ta 2000 Amurka ta zuba wajen dala biliyan 10 a wani shirin taimako wanda akasarinsa na soja ne da 'yan sanda. Duk da haka, daga 2006 aka yi ta ɗaure 'yan majalisa da dama saboda haɗa baki da mayaƙan sa-kai masu cin abinci da hodar ibilis, kuma a 2023 gonakin ganyen koka sun kai hekta 253,000 bisa ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Yuni, 2025, wani yaro da bai kai shekara 16 ba ya harbi Sanata Miguel Uribe Turbay a wajen taron siyasa a Bogota, ya cika a watan Agusta. Mahaifiyarsa, 'yar jarida Diana Turbay, ta rasu ne a 1991 bayan mutanen Escobar sun sace ta.

Mai karatu zai iya cewa Kolombiya da nisa, kuma a nan ba a noman koka. Haka ne, amma hodar tana biyowa ta Afirka ta Yamma a kan hanyarta ta zuwa Turai. A watan Nuwamba, 2009, an tarar da ƙonannen jirgin sama samfurin Boeing 727 a hamadar arewacin Mali, wanda aka yi imani daga Benezuwela ya kawo kaya. A watan Satumba, 2022, hukumar NDLEA ta kama tan 1.8 na hodar ibilis a wani gida a Ikorodu ta Jihar Ikko. Abin da ya fi kusa kuma ya fi ban tsoro shi ne na Jamhuriyar Nijar, inda a farkon watan Janairu, 2022, aka kama magajin garin Fachi da direbansa a arewa da Agadas, da hodar ibilis fiye da kilo 200 a cikin motarsa. Magajin gari a Nijar kusan daidai yake da shugaban ƙaramar hukuma a Nijeriya. Ke nan mataki na biyu da na uku sun riga sun iso ƙasar da Hausawa suka fi kowace ƙabila yawa a cikinta.

MARTABAR ƘASA A IDON DUNIYA

Ƙasar da ta kasa share gidanta, wasu ne za su zo su nuna mata inda shara take, kuma ba da ladabi ba. Amurka tana da dokar da ta sa shugabanta ya riƙa bayyana kowace shekara ƙasashen da a ganinsa suka gaza wajen yaƙi da ƙwaya. Kolombiya ta shiga wannan jeri a 1996 da 1997, ta sake shiga a watan Satumba, 2025, zamanin Shugaba Gustavo Petro, wanda shi ma aka soke masa biza a wannan wata. Nijeriya ta ɗanɗani irin wannan daga 1994 zuwa 1998, lokacin mulkin Janar Sani Abacha, kuma waɗanda suka sha wulakanci su ne ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikata masu ɗauke da koren fasfo a filayen jiragen sama. Gaskiya ne in ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin kuɗin Amurka da Turai ne ke raya cinikin hodar ibilis. Amma faɗin haka bai taɓa mayar wa wata ƙasa da martabarta ba.

Akwai kuma batun maƙwabta. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli, 2023, an rufe iyakar ƙasashen biyu har zuwa watan Maris, 2024, sa'an nan Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairu, 2025. Iyakar nan ta kai wajen kilomita 1,500, mai fasa-ƙwauri bai taɓa bin ƙofar kwastan ba balle rufe ta ya dame shi. Abin da tsamin dangantaka ke ragewa shi ne musayar labari tsakanin jami'an tsaro, alhali hanyar da ƙwaya ke bi ita makamai ke bi. NDLEA ta sha ba da sanarwar kama tiramadol da aka nufi kai wa 'yan bindigar daji. Mutanen Ikara kuwa ba sa bukatar a gaya musu cewa bindiga ta iso, tun da a farkon watan Satumba, 2023, 'yan bindiga sun afka wa masallaci a ƙauyen Saya-Saya suka kashe masallata.

TSANANIN HUKUNCI BAI ISA BA

Nijeriya ta riga ta gwada tsanani. A ƙarƙashin Doka ta 20 ta 1984, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta harbe mutum uku a Ikko ran 10 ga watan Afrilu, 1985, saboda fataucin ƙwaya. Cinikin bai tsaya ba, har sai da aka kafa NDLEA da Doka ta 48 ta 1989. Hukunci komai tsananinsa a kan ɗan aike yake faɗawa, muddin mai kayan yana da wanda zai sa baki. A 2022 shugaban NDLEA, Janar Buba Marwa mai ritaya, ya nemi jam'iyyu su riƙa yi wa masu neman takara gwajin ƙwaya. Shawara ce mai kyau, sai dai gwajin jini ba ya nuna inda kuɗin takara ya fito. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙayyade naira miliyan 70 ga mai neman Majalisar Wakilai, da miliyan 30 ga mai neman Majalisar Jiha, amma binciken asalin kuɗin shi ne aikin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Saboda haka akwai aikin da ya rataya a wuyan ma'aikatan gwamnati na wannan yanki. Sashen lafiya na kowace ƙaramar hukuma ya kamata ya san yawan kemis da ke ƙasarsa, da masu lasisi da marasa shi, da inda suke saro kaya, musamman tun da a 2024 aka tayar da dillalan magani daga Sabon Garin Kano zuwa cibiyar Ɗangwauro da ke kan hanyar Zariya don a iya sa musu ido. Ya kamata ofishin 'yan sanda ya riƙa rubuta sunan duk wanda ya zo belin dillalin ƙwaya, a kuma miƙa rahoton ga kwamitin tsaro na ƙaramar hukuma inda hakimai ke zama. Shugabannin jam'iyya na mazaɓu su tambayi baƙon attajirin da ya zo da buhun kuɗi sana'ar da ya yi ya same su. Mashayi kuwa a kai shi asibiti, domin saurayin da aka yi wa magani an raba dillali da mai ciniki, an kuma raba ɗan siyasa da ɗan banga.

Ɗalibai su ma suna da nasu rabon, musamman masu koyon aikin lafiya a Makarfi, waɗanda gobe su ne za su riƙe makullin ɗakin magani. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ran 11 ga watan Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara wa kujerar shugaban ƙaramar hukuma daraja, kuma abin da ya yi daraja masu kuɗin haram ma za su neme shi. Kolombiya ta bar mai hodar ibilis ya shiga majalisa a 1982, bayan shekara 43 kuma ta binne wani mai neman shugabancinta. Ikara da Makarfi da Kudan suna da sauran dama, domin a nan har yanzu kowa ya san gidan su kowa, an kuma san sana'ar uban kowane ɗan takara.