Matar da ta tare a unguwar matalauta

A watan Satumba na 1889 Jane Addams da ƙawarta Ellen Gates Starr suka kwashe kayansu suka tare a wani tsohon gida a titin Halsted da ke Shikago, a tsakiyar unguwar 'yan ci-rani daga Italiya, Jamus da Rasha. Addams 'yar masu hali ce, mahaifinta ya taɓa zama ɗan majalisar jihar Illinois, babu abin da ya kore ta daga gidansu. Wannan ƙaura tana cikin tushen aikin da yau muke kira kula da jin daɗin jama'a, kuma ta ginu ne a kan wata gardama da har yanzu ba ta mutu ba.

Gardamar a Ingila ta faro. Dokar matalauta ta 1834 ta tanadi cewa mai lafiyar da ke neman taimakon hukuma ya shiga gidan aikin dole, inda ake raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'yanta. Da gangan aka tsananta zaman gidan, don kada kowa ya nufe shi sai wanda yunwa ta kai maƙura. A 1869 aka kafa Charity Organisation Society a Landan, ƙungiyar da ke ganin sadakar barkatai tana lalata mabaraci. Sai ta riƙa tura masu ziyara gida-gida su binciki mai roƙo: nawa yake samu, yana shan giya, ya cancanta ko bai cancanta ba. Zargin da ke cikin wannan tsari yana ƙona mini rai. Amma gaskiya ɗaya ce, su ne suka kawo al'adar buɗe wa kowane iyali takardarsa, a rubuta halinsa, a koma a duba. Daga nan Mary Richmond ta ɗora har ta fitar da littafinta Social Diagnosis a 1917.

Addams ta bi wata hanya, wadda ta gani a Toynbee Hall, gidan da Samuel Barnett da matarsa Henrietta suka buɗe a 1884 a gabashin Landan, inda ɗaliban jami'a ke zuwa su zauna da talakawa. Wanda ke kwana a unguwa ba ya buƙatar a gaya masa inda ɗaki ke yoyo. A gidanta, Hull House, aka buɗe wurin renon yaran matan da ke aikin masana'anta, da ajin dare, da wurin wanka. Mazauna gidan suka bi lungu-lungu suna rubuta albashin kowane gida, suka buga taswirarsa a 1895. Abokiyar aikinta Florence Kelley ta tono yadda ake bautar da yara a shagunan ɗinki, har jihar ta yi dokar masana'antu a 1893, aka naɗa ta shugabar masu duba su. A 1899 Shikago ta buɗe kotun yara ta farko a Amurka, da hannun waɗannan mata a ciki.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne bola. Da Addams ta ga shara na kashe jarirai a unguwar, sai ta karɓi muƙamin mai duba kwasar shara a mazaɓarta, tana fita tun ƙarfe shida na safe tana bin keken shara har juji. Matar da za ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1931 ke nan.

Reshen wannan aiki ya iso mu ta hannun Turawan mulki, lokacin da yaran da ke kwana a titunan Legas suka dame su, aka yi dokar yara da matasa ta 1943. Taimako kuwa ba su suka koya mana ba. Muna da zakka, da waƙafi, da gayya, da kwanon tuwon da ake miƙa wa maƙwabci bayan magariba. Mai unguwa na da ya san gidan da ba a hura wuta ba yau, ba sai an kai masa ƙara ba.

Wannan sanin ne rabon tallafin zamani ya zubar. A tara zawarawa da tsofaffi a rana, a yi layi, a miƙa buhun shinkafa, a ɗauki hoto, a watse. Babu mai komawa bayan wata uku ya ga ko marayan nan ya koma makaranta, ko maganin tsohuwar nan ya ƙare. Ga matasa nan da suka karanta wannan fanni a jami'o'inmu suna zaune ba aiki. Ina roƙon hukumomin zakka na jihohinmu da ƙananan hukumomi su ɗauke su, su ba kowannensu unguwa ɗaya da zai zauna a cikinta, da rajista, da babur, da kuɗin mai.