Damagaram ko Maraɗi? A daina fakewa da jirgin ƙasa



Wata muhawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a fadojin shayi na Kelle: magidancin da ke son fita da uwargida hutun wikan, su biyu kawai, ina ya fi, Damagaram ko Maraɗi? Da yawa cikin maza sun ce Maraɗi, amma da sharaɗi: "Sai jirgin ƙasa ya iso." To, ni dai na ce wannan ba zaɓi ba ne, wayo ne. An samu hanyar ce wa mace "a'a" cikin ladabi.

Mu duba jirgin nan da ake ta kira. A watan Fabrairun 2021 ne Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Madalla, Allah ya nuna mana. Amma daga Maraɗi kudu ya nufa, Najeriya. Bai san Gure ba, balle Kelle. Kafin ka ga ƙarfensa da ido sai ka fito gudron a Gure, ka yi kilomita wajen 160 zuwa Damagaram, ka ƙara wajen 240 zuwa Maraɗi, duk a mota. Wane jirgi ne zai kai ka, malam? Kai ne za ka kai kanka wurin jirgi.

Kuma mu ƴan Nijar ai mun ga jiya. An shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, kilomita kusan 140, aka yi bukin buɗewa a Janairun 2016 da kiɗa da jawabai. A nuna mini mutum ɗaya da ke sayen biye yana kai matarsa Doso da shi. Dogon da ya fi kusa da mu ma na Nguru ne, can ƙetaren iyaka, wanda Turawan Ingila suka kai tun 1930. Wanda ya ɗaura farin cikin gidansa a kan jirgi, zaman jiran gawon shanu yake.

Yanzu lissafi. Wikan kwana biyu ne, Asabar da Lahadi. In ka ce Maraɗi, yini guda tafiya, yini guda dawowa. Me ya rage? Ciwon baya da ƙura. Ba na raina Maraɗi, gari ne na kasuwa da arziki, amma na mai kwana huɗu ne a hannu.

Damagaram fa? Ka yi sammako, da rana kuna gari. A hanya ga Gidimuni da dabinonta da garake. Ku shiga Birni da la'asar, ta ga fadar Sultan, ta ga ragowar ganuwar Sarki Tanimun da gidaje masu zane tsakanin manyan duwatsu. Garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926, amma mata nawa ne a Kelle suka san shi in ba ta ƙofar asibiti ba? Ai abin kunyar ke nan. Ba ma kai su birni sai haihuwa ta zo da gardama. Ku zaga kasuwar Dole, ta zaɓi turmin zane da hannunta, ba wanda ka zaɓo mata ba. Ran Lahadi a hanyar dawowa ga kasuwar Mirya tana ci.

Na san masu cewa wannan al'adar nasara ce. To, wanda yake barin gida tun magariba yana fada har tsakar dare, al'adar wa yake bi? Masu cewa babu kuɗi kuma, a tara abin da ke tafiya a shayi da kiredin waya na wata biyu, a gani ko bai kai kuɗin mota ba.

Mu ci gaba da tambayar mahukunta yaushe gabashin ƙasa zai shiga lissafin dogo, haƙƙinmu ne. Amma kada uwargida ta biya bashin gwamnati. Ka ɗauki kardante, ka bar yara wurin kaka, ku kama hanyar Damagaram.

Mata, ku ma muna jiran ta bakinku. A huta lafiya.