Ɗan Garuwa da Mai Rijiya: Dalilin Faɗuwar Netscape

Masu iya magana na cewa, in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. A shekarar 1994 Jim Clark da Marc Andreessen suka kafa kamfanin Netscape a Amurka, suka fito da Navigator, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita a kwamfuta. Kafin a cika shekara biyu, mafi yawan masu shiga intanet da ita suke amfani. Amma a 1998 kamfanin ya gaza tsayawa da ƙafafunsa, har AOL ya saye shi. Me ya jawo haka?

Wasu kan ɗora laifin a kan rashin ingancin manhajar. Gaskiya ne injiniyoyinsa sun ɓata lokaci wajen sake rubuta ta daga tushe, sabuwar ba ta fito ba sai 2000. Sai dai tun kafin nan an riga an yi masa illa.

Asalin matsalar ita ce, Netscape baƙo ne a gidan abokin hamayyarsa. Galibin kwamfutoci da Windows suke aiki, kuma Windows mallakar Microsoft ce. A 1995 Microsoft ya fito da Internet Explorer, ya bayar da ita kyauta, daga baya ya cusa ta cikin Windows. Duk wanda ya sayi sabuwar kwamfuta, a ciki zai tarar da ita. Shi kuwa Netscape, da cinikin manhajarsa yake samun kuɗin shiga. Misalinsa kamar ɗan garuwa ne a unguwar da mai rijiya ya kai ruwa kowane gida kyauta. Komai daɗin ruwansa, wa zai saya?

Gwamnatin Amurka ta maka Microsoft a kotu a 1998, a 2000 kuma alƙali ya same shi da laifin danne abokan gasa. Hukuncin ya zo a makare, don tuni kasuwa ta watse.

Duk da haka, aikin bai tafi a banza ba. A 1998 Netscape ya buɗe wa duniya asalin rubutun manhajarsa, daga wannan yunƙuri aka samu Firefox a 2004.

Ya kamata malamai su nuna wa ɗaliban kimiyya cewa ƙirƙira kaɗai ba ta isa ba. Wajibi ne mai ƙirƙira ya tambayi kansa: ta wace hanya kayana za su isa hannun jama'a, kuma hanyar ta wane ne?